Mayar da yaro aji ya fi ɗaga kwali wuya

Shekarar 2021 ce ta jefa mu cikin wannan aiki na mayar da yaran 'yan gudun hijira makaranta a garin Kaduna. A daren 11 ga Maris 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gandun Daji da ke Afaka, nan bayan Mando, suka tafi da ɗalibai 39. Ranar 20 ga Afrilu aka faɗa wa Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Abuja, daga baya aka kashe biyar cikin waɗanda aka ɗauka. Ranar 5 ga Yuli kuma sai sakandaren Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun, yara sama da 100. Duk ɗalibin da ke kwana a makaranta a jihar nan ya san irin barcin da aka yi a wannan shekara, ido ɗaya a rufe ɗaya a buɗe.

Mu ɗalibai ne 'yan unguwa ɗaya, wasu na jami'a, wasu na kwalejin kimiyya da fasaha, wasu na kwalejin ilimi. Abin da ɗalibi ya fi iyawa shi muka fara yi: taro, kwalaye, rubuce-rubuce a Facebook. Wani ɗan'uwanmu mai karatun shari'a ya kawo maganar Ranar Jan Hannu, wato 12 ga Fabrairu, ranar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta hana sa yara cikin yaƙi ta fara aiki a 2002. A Fabrairun 2022 muka sayi jan fenti da farin yadi, kowa ya dangwala tafin hannunsa, aka yi jawabi, aka watse. Ban raina wannan ba har yau, don a ranar muka san su wa za su fito idan an kira.

Kwana biyu bayan haka, ranar 14 ga Fabrairu, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da ya kai mu har Oktoba. Wata takwas muna gida. Ni na koma taya malamarmu koyarwa a wata Islamiyya a gefen Rigasa, kuma a nan na lura da wasu baƙin yara. Hausarsu ta ƙauye ce, suna zama can baya, kuma da safe idan yaran unguwa sun wuce boko sai ka gan su a bakin famfo ko ɗauke da faranti. Daga ƙauyukan Birnin Gwari suke, da Giwa, da Igabi, da Chikun. Wasu hari ne ya kore su, wasu kuɗin fansa ne ya cinye gona da shanu, wasu kuma sun taso ne bayan an katse layin waya an rufe kasuwannin mako a ƙarshen 2021, abin sayarwa ya rasa mai saye.

Wanda ya saba ganin hotunan Maiduguri zai zaci akwai wani sansani da za a je a same su. Galibin waɗanda suka gudo Kaduna ba a sansani suke ba. Suna zauren 'yan'uwa, ko ɗaki ɗaya na haya mutum takwas, ko kangon da mai shi ya ce a zauna kafin ya samu kuɗin rufi. Don haka aikin farko shi ne a nemo su, kuma ba a nemo su sai ta hannun mai unguwa, da liman, da ungozoma, da mai injin niƙa, wadda ta fi kowa sanin gidan da aka ƙara baki. Mazanmu suka riƙe zaure da masallaci, mu mata muka riƙa shiga cikin gida.

Littafi da biro a hannun baƙo abu biyu yake nufi ga wanda ya gudo daga daji: ko dai rabon shinkafa na tafe, ko kuma infoma ne ke tattara sunaye. Muka yanke shawarar faɗin gaskiya tun daga bakin ƙofa. Nakan ce, "Inna, ba mu da buhu ba mu da kuɗi, mu ma iyayenmu ke ciyar da mu. Maganar makarantar yara ce ta kawo mu." Wasu daga nan fuskarsu ke canjawa, a yi mana sallama cikin mutunci. Wata dattijuwa ta ce da ni, "'Yar nan, an rubuta mu ya fi a ƙirga, ba mu ga ko ƙwayar gero ba." Sai da jikanta ya fara zuwa aji sannan ta yarda ta faɗa mini sunan ƙauyensu.

A takarda, karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, haka dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce. A aikace kuwa, shugaban makaranta zai tambayi takardar haihuwa da takardar canjin makaranta, alhali hedimastan ƙauyen da zai rubuta ta shi ma ya gudo, makarantar kuma ta zama wurin kwanan awaki ko na 'yan bindiga. Hanyar da ta fi yi mana aiki ita ce wasiƙar mai unguwa da ke shaida cewa iyalin na zaune a ƙasarsa, sannan mu bi ta kwamitin iyaye da al'umma da ke kula da makarantar, don mutanen kwamitin 'yan unguwa ne, suna jin kunyar mai unguwa. Takardar haihuwa kuma mu raka uwa ofishin hukumar ƙidaya, mu cike mata fam. Nan ne amfanin ɗalibi yake: ya iya karanta fam, yana da ƙafar zirga-zirga, ba ya tsoron tebur da kujera. Ban ga laifin shugabannin makarantun da suka yi ta jan ƙafa ba ƙwarai. A Rigasa akwai firamaren da jaridu suka sha ba da labarin tana da yara sama da 20,000. Wanda ke da aji irin wannan, ka kawo masa ƙarin goma, dole ya yi ajiyar zuciya.

Sai yunifom, da takalmi, da littafin rubutu, da kuɗin tara. Waɗannan da karo-karo muka yi su, da tsofaffin kayan ƙannenmu, da wani tela da ya yafe kuɗin ɗinki idan muka kawo yadi.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne yaron da ya yi shekara biyu ko uku ba ya aji. Ɗan shekara 12 da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, idan aka kai shi aji shida zai zauna kamar kurma a wurin wa'azi, idan aka kai shi aji biyu kuma ƙananan yara su sa shi gaba da "ɗan ƙauye", "ɗan daji", cikin mako ɗaya ya daina zuwa. Wata 'yar kwalejin ilimi a cikinmu ta kawo dabarar da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna da ita: a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba. Gwajin ɗan gajere ne. Ka nuna wa yaro haruffa, in ya wuce ka nuna masa kalmomi, in ya wuce ka ba shi 'yar jimla, sannan gajeren labari. Inda ya tsaya nan ne rukuninsa. Muka ari azuzuwan Islamiyya a lokutan da ba kowa, muka fara da Hausa zalla, ba, bi, bu, lissafi kuma da murafen kwalba da tsinken tsintsiya. Yaron da ya yi karatun allo yakan yi saurin kamawa, don ya riga ya san cewa zane a kan allo sauti yake ɗauke da shi. Turanci sai daga baya. Masu cewa fara wa yaro da Hausa ɓata masa lokaci ne, ina so su zo su ga fuskar yarinyar da ta fara karanta sunan kakarta da kanta.

Talla kuwa mun yi gardama a kanta sosai. Wasu cikinmu suna ganin dole mu sa iyaye su ajiye wa yara faranti gaba ɗaya. Ni ban goyi baya ba. Matar da aka kashe mata miji a gona, take soya awara a kango, farantin 'yarta shi ne tuwon dare. Idan ka ce ta ajiye, faɗa mata abin da za a ci. Abin da muka nema shi ne safiya ta zama ta makaranta, talla ta koma bayan azahar, kada ta kai magariba, kada a je tasha ko gareji. Yawancin iyaye mata sun karɓi wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin koyarwa. Idan babura da yawa suka wuce a jere, sai aji ya yi tsit, wani yaro ya shige ƙarƙashin benci. Haka idan jirgin sojan sama ya tashi daga Mando, musamman bayan abin da ya faru a Tudun Biri ranar 3 ga Disambar 2023, lokacin da jirgin soja mara matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Akwai masu fitsarin kwance bayan sun girma, akwai wanda bai yi magana da kowa ba sai ƙanwarsa. Muka kafa wa kanmu ƙa'ida: ba a tambayar yaro abin da ya gani. In ya kawo da kansa, a saurara, kada a tona. Babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro. Kuma ba a ɗaukar hoton fuska. Wannan ta ƙarshe ta jawo mana asarar wasu masu taimako, don mai ba da kuɗi yana son ya ga hawaye ya tura wa abokansa. Mu dai rasit muke turawa, da hoton allo, da na takalma a bakin ƙofa. Yaran da abin ya fi ƙarfinmu mukan roƙi iyaye a kai su asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Da an ji Barnawa sai a ce, "Ɗana ba mahaukaci ba ne." Sai da liman ya sa baki, ya ce a yi addu'a a kuma ga likita, sannan wasu suka yarda.

Rigimar da ta kusa raba mu ita ce ta yaran Fulani. Su ma sun gudo, wasu an sace musu shanu, wasu 'yan sa-kai sun ƙone musu ruga. Da suka shigo aji, wasu iyaye suka ce ba za su haɗa 'ya'yansu da 'ya'yan waɗanda suka kore su ba. Ko a cikinmu akwai wanda aka kashe wa kawu a hanyar Birnin Gwari, ya ce shi ba zai koyar da su ba. Ba mu yi masa wa'azi ba, muka ba shi aikin bin takardu. Ɗan shari'ar nan ya tuna mana cewa hannun da muka dangwala a fenti saboda yaran da ake ba bindiga ne, kuma yaron da aka bari a titi ana kiransa ɗan ɓarayi, shi ne wanda za a fara aika ya kai burodi da fetur daji. An ci gaba da karatu tare, amma gidaje biyu sun janye 'ya'yansu, ba su dawo ba.

Ta wannan aiki ne kuma na fara ƙetare gada don wani abu ban da kasuwa. Tun rikice-rikicen 2000 da 2002 garin nan ya rabu, Musulmi galibi a arewacin kogi, Kirista a kudu. 'Yan ajinmu da ke Sabon Tasha da Gonin Gora suna yin irin aikinmu da yaran da suka gudo daga Kajuru da kudancin Chikun, a harabar coci. Matsalar takarda ɗaya ce, tsoron babur ɗaya ne. Muka riƙa musayar kayan koyarwa, idan za a kai wasiƙa ofis kuma mu sa hannu tare, don wasiƙar da ke ɗauke da sunaye daga ɓangarorin biyu ba a saurin jefa ta a kwando.

Ranar 7 ga Maris, 2024 aka kwashi yaran makarantar Kuriga. Ko da aka dawo da 137 ranar 24 ga watan, iyaye mata da yawa a wajenmu sun riga sun hana 'ya'yansu fita, duk da cewa a cikin gari muke. Uwar da ta taɓa gudu da goyo cikin dare ba a gaya mata cewa nan lafiya lau ne. A lokacin muka koma kan Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙaddamar a Oslo a 2015, wadda Najeriya ta amince da ita, har ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a Oktoban 2021. Ba mu rubuta "a kare makarantu" a kwali ba. Mun auna inda katanga ta faɗi, mun rubuta cewa ba maigadi, mun haɗa da jerin lambobin wayar iyayen da za a kira idan wani abu ya taso, muka kai wa kansila da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, muka yi ta komawa har suka gaji da ganinmu. An gyara katanga a makaranta ɗaya. Ta biyun, iyaye ne suka tara kuɗin bulo.

Rauninmu a matsayin ɗalibai shi ne ba mu daɗewa. Jarrabawa ta zo, aji ya zama ba malami. A gama karatu, bautar ƙasa ta kwashe mutum zuwa Ebonyi ko Osun. Shi ya sa muka jawo matasan unguwa masu takardar NCE da ba su samu aiki ba, da iyaye mata biyu da suka yi sakandare kafin aure, su ne yanzu ke riƙe da mabuɗi da littafin sunaye. Ɗalibai sun koma masu zuwa taimako da bin ofis.

Tun bayan sulhun da gwamnatin jiha ta sanar a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, wasu magidanta sun fara komawa duba gonakinsu. Duk yaron da za a tafi da shi mukan rubuta masa takarda da Hausa da Turanci, mai nuna ajin da yake da matakin karatun da ya kai, shugaban makaranta ya buga hatimi, mu sa a leda mu damƙa wa uwar. Muna kuma roƙon iyaye maza su fara yin gaba, su bar yara wurin 'yan'uwa har zango ya ƙare, musamman 'yan aji shida masu jiran jarrabawar shiga sakandare. Wasu suna yarda. Wasu kuma sukan ce damina ba ta jira, suna buƙatar hannu a gona.