Daren da Potgieter ya ci gasar Detroit

Lahadi, 29 ga Yuni, 2025. Jos.

Dare ya raba, barci ya ƙi zuwa, gara in rubuta tun abin da ɗuminsa.

Tun asuba ake yayyafi, irin namu na Jos da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ban buɗe shago ba sai bayan azahar, shi ma don wata baiwar Allah da na yi wa alkawarin ɗinkin biki. Na kafa hannun riga, na yi mata aikin wuya, amma hankalina yana Detroit. Jiya da dare Aldrich Potgieter ya kammala zagaye na uku na gasar golf ta Rocket Classic da ake yi a can Detroit ta Amurka, yana gaba da kowa da bugu biyu. Ranar Alhamis ya zagaye filin da bugu 62, Juma'a 70, Asabar 65. Yaro ne ɗan Afirka ta Kudu mai shekara 20, shi ne ƙarami a cikin 'yan wasan PGA Tour na bana, wato babban jerin gasannin ƙwararrun 'yan golf na Amurka, kuma babu wanda ƙwallonsa ke kai nisan tasa. In ya kai mata duka daga wurin farawa, a matsakaici tana wuce yadi 325.

Da la'asar na biya na ɗauko Kawu. Shi ya fara kai ni filin golf ina ɗan firamare, ya ɗora mini jakar da ta kusa fin tsayina. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar wa manya jakar sanduna, yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma sai da tabarau, amma in ɗan wasa ya tsaya kan ƙwallo, kafin ya buga Kawu zai gaya maka inda za ta. A hanya na ce, “Kawu, yau fa yaron nan zai ɗauka.”

Ya ce, “Wane yaro? Mai ƙarfin nan? Ɗan nan, ƙarfi na kai ka bakin rami ne kawai. Ba ya saka ka ciki.”

Ban ja da shi ba, domin ni ma abin da ke cina ke nan. Sau biyu ina kallo yaron nan ya riƙe gasa a hannu ta suɓuce. A Disambar bara, a gasar Nedbank da ake yi a Sun City, a gaban mutanen ƙasarsu, ya shiga ranar ƙarshe yana gaba da bugu uku, ya ƙare Johannes Veerman ya ɗauke kofin. Ta Fabrairun bana ta fi ciwo. A Mexico Open ya yi 61 a zagaye na biyu, ya jagoranci gasar har ranar Lahadi, sannan suka yi kunnen doki da Brian Campbell, mutumin da ke cikin masu gajeren bugu a duk PGA Tour. A rami na biyu na raba gardama ƙwallon Campbell ta karkace ta nufi waje, ta daki bishiya, ta dawo cikin fili. Shi kuma Potgieter ya samu 'yar gangara mai taku shida, wato bugun tura ƙwallo a ƙasa zuwa cikin rami, ya kasa saka ta. Bayan nan ya yi ta faɗuwa tun a tankaɗen ranar Juma'a, inda ake sallamar waɗanda ke baya bayan zagaye biyu, mako bayan mako. Na san 'yan wasan da irin wannan ta karya su har abada.

Da muka iso gida sai rikicin rimot. Yara sun gama kallon yadda PSG ta lallasa Inter Miami da ci 4 da nema, Messi yana fili, suna jiran Bayern da Flamengo da ƙarfe tara. Na ba su kuɗin gidan kallo da na gyaɗa, suka fita suna gunaguni wai Baba zai kwana yana kallon mutane na yawo a ciyawa.

Maiɗakina ta kawo mana shayi da dankali, ta zauna kaɗan. Ta ce, “Wai har yanzu mai ƙaramar lamba shi ne a gaba?” Kawu ya gyara zama, don babu abin da yake so kamar a tambaye shi. Ya yi mata bayanin cewa kowane rami yana da ƙa'idar bugunsa, uku ko huɗu ko biyar, ramuka 18 a rana, kwana huɗu a jere, kuma wanda ya fi kowa tsimin bugu shi ke da kofi. Ta ce to ai wannan wasan marowata ne. Ta tashi ta bar mu.

Tazarar bugu biyun nan ba ta daɗe ba. Tun a ramukan farko ta narke, allon sunaye ya dinga juyawa, wannan ya hau wancan ya sauka. Filin Detroit ba mai wuya ba ne ga irin waɗannan mutane. Ranar Alhamis Potgieter da Kevin Roy suka kafa sabon tarihin filin da 62, washegari Jake Knapp ya goge shi da 61. A fili irin wannan, in ka tsaya kana bin ƙa'ida kawai, jama'a za su wuce ka. Na lura da abu ɗaya: duk da ya rasa jagoranci, tafiyarsa ba ta canza ba. Yana tafe a hankali, kafaɗu a buɗe, fuska ba yabo ba fallasa. Kawu ya ce jikin 'yan kokawa gare shi. Na ce ai kuwa ya yi kokawa da rugby yana yaro kafin golf ya ɗauke shi gaba ɗaya. Wannan ya ɗan sauko da Kawu, don shi duk wanda ya taɓa shiga fagen kokawa mutum ne a wurinsa.

Lokacin talla na ba shi sauran labarin. Yana ɗan shekara takwas iyayensa suka kwashe suka koma Perth a Ostareliya, can ya koyi wasan sosai. Annobar korona ta rufe ƙasar, gasanni suka yi wuya, sai suka sake tattarawa suka dawo gida yana da shekara 17. A Mossel Bay ya shiga makarantar horon matasa ta Louis Oosthuizen, wanda ya ci British Open a St Andrews a 2010. Bai daɗe da dawowa ba, a Yunin 2022, ya je Royal Lytham a Ingila ya ci gasar Amateur Championship ta waɗanda ba su fara buga wa kuɗi ba, ya doke Sam Bairstow a wasan ƙarshe mai ramuka 36. A tarihin gasar nan da aka fara tun 1885, Matteo Manassero na Italiya ne kaɗai ya ci ta yana ƙasa da shi a shekaru. Ita ta buɗe masa ƙofar British Open ta wannan shekara, da Masters da US Open na 2023, dukansu cikin manyan gasannin golf na duniya. Yana gama US Open ya zama ƙwararre mai buga wa kuɗi.

Daga nan sai Korn Ferry Tour, matakin da ke ƙasa da PGA Tour, inda ake yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan ana neman tikitin hawa sama. A Janairun 2024 ya ci gasa a Bahamas yana da shekara 19 da wata huɗu, ya karɓe tarihin da Jason Day ya riƙe tun 2007 na mafi ƙarancin shekaru. Makonni kaɗan bayan haka ya yi 59 a Bogota. Abin dariya, ko a makon ba shi ne ya fi kowa ba, don kwana ɗaya kafin nan Cristobal Del Solar ya yi 57 a filin. Kuma duk da wannan suna da ya yi, da ƙyar ya tsallake: mutum 30 ake ɗauka a ƙarshen shekara, shi ya zo na 29.

Kawu ya saurara har na gama, sannan ya ce, “To amma kai da kake ta cewa ɗan Afirka, ɗan Afirka, ai Bature ne.”

Wannan maganar ba yau muka fara ta ba. Na ce, “Kawu, tutar da ke gefen sunansa fa?” Ya ce tuta daban, wanda aka buɗe wa ƙofa daban. Ya kawo zancen Papwa Sewgolum, wanda kullum yake kawowa, ɗan asalin Indiya daga Durban da ya fara da ɗaukar jaka kamar mu, yana riƙe sanda hannu a juye, ya ci Dutch Open sau uku, ya ci Natal Open a 1963, ya sake ci a 1965 har da Gary Player, shahararren ɗan golf na ƙasar, a cikin waɗanda ya kayar, amma aka miƙa masa kofi a waje ana ruwa saboda dokar wariya ta hana shi shiga ɗakin kulob. Ya ƙara da Vincent Tshabalala da ya ci French Open a 1976. Gaskiyar Kawu ce a nan. Jerin manyan 'yan golf na Afirka ta Kudu, daga Player zuwa Ernie Els, Retief Goosen, Trevor Immelman, Charl Schwartzel da Oosthuizen, duk fata ɗaya ce, kuma ba haɗari ne ya jera su haka ba. Sai dai ni ban ga dalilin ɗora wa yaron da aka haifa a 2004 wannan kaya ba. Abin da nake ɗauka daga labarinsa shi ne yawan hannayen da suka tallafe shi: iyayen da suka yi ƙaura sau biyu, makarantar horo, gasannin yara da ake shiryawa a kan tsari. A wurinmu yaro mai hannu yana nan, na gan su da idona suna buga ƙwallo da sanda guda ɗaya tak da wani oga ya yar. Abin da ke bayan hannun ne babu.

Muna cikin wannan gardama wasa ya zo ƙarshe. Potgieter ya tashi da 69, Max Greyserman da Chris Kirk kowa 67, su uku duka bugu 22 ƙasa da ƙa'ida. Raba gardama ke nan kuma. Gabana ya faɗi, na tuna Mexico.

Kirk shekararsa 40, ya ninka yaron cif, ya ci gasa shida a PGA Tour. Kawu ya koma bayansa nan take, wai tsohon hannu. A ramin farko Kirk ya samu damar gamawa da kowa, ƙwallo ta bi gefen rami ta wuce. A na biyu kuma ya kasa saka wata 'yar gajeriya da ko ni zan yi tunanin na iya, ya fita. Kawu ya cire tabarau ya goge, bai ce komai ba. Ni ma na yi shiru, don ba a yi wa babba dariya a gidanka.

Saura biyu. Greyserman bai taɓa cin gasa ba shi ma, bara sau uku yana zuwa na biyu, saboda haka kowannensu yana ɗauke da irin ciwon ɗan'uwansa. Rami na uku, babu. Na huɗu, babu. Kowa na samun dama, kowa na barin ta. Abin da ya fi ba ni haushi, ƙwallayen Potgieter suna tafiya daidai saitin rami su tsaya kafin su isa. Kawu ya dinga cewa, “Tsoro ne. Hannun ya ƙanƙance. Ƙwallon da ba ta isa rami ba ta yaya za ta shiga?” Yara suka dawo daga gidan kallo suna ihun Bayern ta ci 4 da 2, na ɗaga musu hannu, suka tsaya a bakin ƙofa da takalma a ƙafa.

Rami na biyar aka koma lamba 15, gajere mai ƙa'idar bugu uku, wurin da tsawon bugunsa ba shi da wani amfani. Greyserman ya fara gangarawa daga nesa, ba ta shiga ba. Potgieter ya tsuguna ya duba layi, taku 18 tsakaninsa da rami. Ya miƙe, ya tsaya, ya kalli ramin, ya tura. Tun tana rabin hanya Kawu ya ce, “Ta isa.” Ta faɗa.

Na yi tsalle har na zubar da sauran shayi a kan darduma. Ƙaramin cikin yaran ya tambaya ko an ci ne, na ce an ci. Potgieter ya rungume mai ɗaukar masa jaka, ya gaisa da Greyserman, sannan ya nufi mahaifinsa da ke tsaye a gefen fili. Da aka sa masa makirufo ya yi maganar wahalar ƙaura zuwa Ostareliya da dawowa, da yadda kasancewar mahaifinsa kusa da shi a Amurka ta taimake shi. Ya kuma yi wa kansa tsiya cewa sai yanzu ya samu guda ta kai rami. Kawu ya nuna talabijin da yatsa ya ce, “Ka ji ko? Shi ma ya sani.”

Wato dai kowa ya tashi da gaskiyarsa. Ni yarona ya ci, Kawu kuma maganarsa ta tabbata, don ba dogon bugu ne ya ba shi kofin ba. Amma na gaya masa a mota cewa ba don ƙarfin ba da bai zo wurin da gangarar za ta yi magana ba, kuma yaron da aka kayar sau biyu a ranar ƙarshe ya dawo ya jure ramuka biyar na raba gardama, ba ƙarfin dantse kaɗai gare shi ba. Kawu ya ce sai ya ga ya maimaita tukuna. Gasa ɗaya, in ji shi, kowa na iya tsinta.

Kuɗin da ya samu dala miliyan 1 da dubu 728 ne, sama da naira biliyan biyu da rabi a canjin Yunin 2025. Ya kuma samu kujerarsa a PGA Tour har ƙarshen 2027, ga gayyatar Masters ta watan Afrilun 2026. Duk wannan bai dami Kawu ba. Da na ce masa bisa al'ada mai ɗaukar jaka yana samun kashi goma cikin ɗari in ubangidansa ya ci gasa, sai ya sa na tsaya a gefen titi na buga masa lissafin a waya. Na nuna masa. Ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da tabarau, ya ƙirga sifilin da yatsa, ya ce in sake bugawa don bai yarda da wayar ba.