Fasahar Injiniyancin Inji ko Mekatronik: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Cike Fom

Ɗalibai da yawa sunan kwas suke bi, sai an yi nisa da karatu su gane ba shi suke nema ba. Injiniyancin inji, fasahar injiniyancin inji da mekatronik sun yi kama a kunne, amma jadawalin darussansu ya sha bamban.

Digirin injiniyanci na shekara 4 ko 5 lissafi ne ƙashin bayansa: kalkulas mai zurfi, ilimin zafi da makamashi, motsin ruwa da iska. Fasahar injiniyanci kuwa takan ɗauki lissafi daidai buƙata, ta ba da sauran lokacin ga zane a kwamfuta, sarrafa ƙarfe, awo da gwaji. Ana yin ta a matakin difloma ta shekara 2 ko 3, ko digiri. Duniya ma ta raba su a yarjejeniyoyin amincewa da karatun juna tsakanin ƙasashe: yarjejeniyar Washinton ta 1989 ta shafi injiniyoyi, ta Sidni ta 2001 masana fasahar injiniyanci, ta Dablin ta 2002 kuma ƙwararrun ma'aikatan fasaha. Ka bincika wace hukuma ce ta tantance kwas ɗin, kamar yadda ABET ke yi a Amurka. In kana da niyyar komawa digirin injiniyanci nan gaba, ka tambaya tun yanzu ko za a karɓi darussanka, domin fizik ɗin da aka koyar ba tare da kalkulas ba sau da yawa sai an maimaita shi.

A fasahar inji, abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne karanta zane da awo. Idan zane ya ce ramin milimita 25 H7 (H7 alama ce ta iyakar tazarar da aka yarda da ita), an yarda ya kai 25.021, amma kada ya gaza 25. Wannan 'yar tazarar ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma kalifa, wato ma'aunin hannu mai baki biyu, mai auna 0.02 ba abin dogaro ba ce a nan, sai na'urar awon cikin rami. Mazaunin boris in ya yi sako-sako, boris ɗin zai riƙa juyawa a ciki yana cin ƙarfen; in ya matse fiye da kima, ƙwallayen su rasa sarari, zafi ya taso, ya mutu da wuri. Haka a injin CNC, mai yanka ƙarfe da umarnin kwamfuta: kuskure ɗaya wurin saita sifilin aiki, wato inda injin ke fara lissafin awo, wuƙar ta afka wa ƙarfen ta karye. Ba a koyon wannan a kan allo. Makarantar da ɗalibai ashirin ke kewaye inji ɗaya suna kallon malami, kallo suke koya.

Mekatronik ta haɗa inji, lantarki da shirin kwamfuta. Zuciyarta ita ce PLC, ƙaramar kwamfutar masana'anta da ke karɓar saƙo daga sensa, wato na'urar da ke jin motsi, zafi ko matsi, ta ba moto ko bawul umarni, galibi da wutar volt 24. Za ka koyi fistin mai aiki da matsin iska, wanda akan saita kusan bar 6, da na'urar sauya gudun moto, da yaren shiri mai siffar tsani da ke cikin ƙa'idar IEC 61131-3. Za ka kuma gane dalilin da ya sa ake aika awo da wutar miliamfa (mA) 4 zuwa 20: tunda mafi ƙarancin awo 4 ne, ganin sifili na nufin waya ta tsinke. Matsalar da ta fi wahalar da sabon shiga ita ce haɗa sensa nau'in NPN a mashigar PLC da ke jiran nau'in PNP, alhali yadda biyun ke aika saƙon wuta ya saba wa juna. Fitilar sensar na kamawa, amma PLC ba ta ganin komai, sai a ɓata yini ana neman laifi a cikin shiri alhali a waya yake.

A ganina, haɗarin mekatronik shi ne a taɓa komai sama-sama. Arduino, ƙaramin allon lantarki na 'yan koyo, na da kyau wurin farawa, amma kwas ɗin da ya tsaya a kansa bai shirya ka don masana'anta ba. Ka nemi wanda ke da PLC na gaske, irin na Siemens ko Allen-Bradley, inda ɗalibi ke ɗaura wayoyin akwatin sarrafawa da hannunsa, malami ya saka masa matsala da gangan ya ce ya gano ta da mitar awon lantarki.

Don haka ka je makarantar da ƙafarka. Ka tambayi awa nawa ake yi a ɗakin gwaji kowane mako, ɗalibai nawa ne kan kowane inji, wata nawa ake yi a masana'anta kafin kammalawa. Ka nemi ganin ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe, ka ce a kunna maka su. Ka kuma lura ko ana koyar da kashe wuta, sa kwaɗo a makunni da sauke ragowar iskar da ke cikin bututu kafin a sa hannu a inji, domin fistin na iya motsawa ko bayan an yanke lantarki.