Wai Har Taimako Sai An Je Jami'a An Koyo?

Ranar da sunana ya fito a soshiyal wok wallahi kuka na yi, dan ni lauya na cike a JAMB, gidanmu ma har an fara kirana barista. Da Kawu ya zo yi min barka ya tambaya me aka ba ni, na fara kame-kame ina cewa ai aikin kula da walwalar jama'a ne, marayu, naƙasassu, matan da aka saka aka bar su da yara, bai ma bari na ƙarasa ba yace "yanzu 'yar nan har taimako sai an je jami'a shekara 4 an koyo? To kakarki a wace jami'a ta koya?" Aka kwashe da dariya. Ni kuma lokacin ba ni da amsa.

Shekara biyun farko ba wani abin labari. Ilimin zamantakewa, ilimin halayyar ɗan Adam, ga wani lissafin ƙididdiga da ya kusa kayar da ni, ni da na gudu daga sayans saboda lissafi ashe yana nan yana jirana a gaba. Aka koya mana aiki da mutum ɗaya, aiki da rukuni, aiki da unguwa gaba ɗaya, muna haddacewa muna juyewa a takardar jarabawa.

Sai da aka tura mu koyon aiki sannan idona ya buɗe. Ni wani babban asibiti aka kai ni, ofishin walwala, ɗan ɗaki ne can bayan wajen karɓar magani, mutane da yawa ba su ma san da shi ba sai an maƙale. Satina na biyu aka turo wata mata daga ƙauye, an sallami yaronta kwana 5 amma ba kuɗin biya, mijin yace bari ya je ya nemo tun ranar ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, tana zaune a ƙasa da goyo ko karin kumallo ba ta yi ba. Ban san sanda na zuge jaka na damƙa mata kuɗin motata ba, raina fes, ina jin yau na yi aikin Allah.

Hajiyar da nake ƙarƙashinta ta bari sai da matar ta fita tace in rufe ƙofa. Tace "'yata, jiya mutum nawa suka shigo nan?" Nace sun kai ashirin Hajiya. Tace "to gobe ki taho da kuɗin mutum ashirin." Shiru na yi. Sannan ta jawo fayil tace in kira matar in zauna in tambaye ta, a hankali ba irin tambayar 'yan sanda ba, su waye danginta, wa ke da waya a garinsu, ciwon yaron daga me ya faro, idan sun koma gida me zai ci. A nan ne ta fito cewa yaron tamowa ce ta kwantar da shi, kenan ko yau an biya kuɗin gado bayan wata biyu za su dawo, in ma an dawo da shi da rai. Kwana 3 muka yi a kan matar nan. Aka rubuta takardar neman sassauci zuwa ga hukumar asibiti, aka samu mai unguwarsu a waya ya nemo wan mijin, wata ƙungiya mai zuwa duk Juma'a ta cike ragowar, aka haɗa ta da ɗan asibitin da ke kusa da ƙauyensu inda ake raba madarar gyaɗar nan ta yara masu tamowa. Kuɗin motata kuwa abincin rana ɗaya ya saya mata, ni kuma na taka a ƙafa har bakin titi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne riƙe baki. Mu da muka saba kin dawo gida kina cire hijabi kina "Umma kin san me na gani yau?" To a aikin nan haramun ne, sirrin mutum amana ce, ko ƙawarki ta kusa ba ki da damar faɗa wa, shi ya sa ko wannan labarin sai da na cire duk abin da zai sa a gane ta. Sai kuma doka, wadda na ɗauka na rabu da ita. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Kano ba ta yi irin tata ba sai 2023, dokar hana cin zarafi ta 2015, dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a farkon 2019, in ba ki san su ba ranar da aka kawo miki yarinyar da aka lalata kuka kawai za ki taya uwarta. Shi kansa aikin namu sai a ƙarshen 2022 Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu yinsa rajista.

Masu tambayata ta inbos a ina ake yi, akwai shi a Nsukka, Ilorin, Kalaba, Benin, nan kusa kuma Lafiya, da yawa 'yan Arewa ta sashen ilimin zamantakewa suke shigowa ko su yi difloma a poli su wuce aji biyu. Aiki kuma akwai ma'aikatar mata, asibitoci, gidajen marayu, gidan gyaran hali, hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, da ƙungiyoyin agaji musamman Maiduguri. Amma kar in yaudare ku, albashin gwamnati ba ya kai wata, na ƙungiyoyi da maiƙo sai dai kwantiragi ne, da Amurka ta datse kuɗin hukumarta ta agaji USAID a 2025 'yan ajinmu da yawa gida suka dawo suka zauna.

Kawu dai har yau "mai rabon shinkafa" yake ce min. Wancan satin da magariba sai ga shi ya yi sallama da 'yar maƙocinsa, tsohon mijinta ya ƙwace mata yaro ɗan wata 8, ya tsaya daga zaure yana ce wa Umma "ina 'yar nan take, ta fito da birota da takarda."