Saƙon Godiya Bayan Jinyar Tsagewar Ƙashi da Ɗaukewar Al'ada

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya jarrabe ni da larura kuma ya yaye mini ita a lokacin da ya so. Ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman matan da muke gudun dogon zango tare, cewa likitoci sun sallame ni daga jinyar da ta raba ni da fagen atisaye tsawon watanni masu yawa. Ƙashin ƙwaurina da ya tsage ya haɗe, jinin al'adata da ya ɗauke ya dawo yana zuwa a kan lokacinsa, kuma an ba ni izinin komawa gudu sannu a hankali. Mutane da dama sun yi ɗawainiya da ni, kuma tun da yabon gwani ya zama dole, na ga ya dace in gode musu a bainar jama'a tare da bayyana abin da kowannensu ya yi, domin wannan larura tana damun mata 'yan wasa da yawa amma kunya tana hana a ambace ta.

Godiyata ta farko ga likitar matan da aka tura ni wurinta ce. Ciwon ƙafa ne ya kai ni asibiti, amma likitan da ya fara duba ni ya tambayi yaushe rabona da ganin al'ada, kuma da ya ji amsar sai ya ce ba zai tsaya a kan ƙafa kaɗai ba. Kafin wannan rana, abin da ake faɗa a tsakaninmu masu gudu shi ne ɗaukewar al'ada alama ce ta cewa horo ya shiga jiki, har wasu na ɗaukarsa a matsayin sauƙi. Likita, ke ce kika fara gaya mini kai tsaye cewa wannan magana ba ta da tushe, bayan kin yi gwajin ciki, kin auna sinadaran maƙoshi da na nono, kin kuma tabbatar ba wata cuta ce ta ma'ajiyar ƙwai ba. Ba ki tsaya a rubuta magani ba, kin zaunar da ni kin yi mini bayani har na gane, kuma wannan bayanin ne nake so ya isa kunnen sauran mata.

A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira hayifotalamus, wanda yake aika saƙon sinadari lokaci bayan lokaci zuwa ga wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashinsa, ita kuma ta saki sinadaran LH da FSH, waɗanda suke umartar ma'ajiyar ƙwai ta nunar da ƙwai ta kuma samar da isturojin da furojestaron, wato sinadaran mata da ke tafiyar da al'ada. Idan mace tana ƙona kuzari mai yawa wajen atisaye, abincin da take ci kuma bai mayar da abin da ta ƙona ba, ƙwaƙwalwa takan fahimci an shiga fatara, sai ta yi abin da magidanci yake yi idan samunsa ya ragu: ta ci gaba da biyan abin da rai ya dogara a kansa, wato bugun zuciya da numfashi da aikin ƙwaƙwalwa, ta dakatar da abin da za a iya jinkirtawa, kuma haihuwa tana cikin na farko da ake jinkirtawa. A lokaci guda sinadarin leftin da ke ba da labarin yawan kitsen jiki yakan sauka, sinadarin maƙoshi na T3 yakan ragu domin jiki ya rage ƙona kuzari, kotizol kuma, wanda yake tashi a lokacin ƙunci, yakan hau. Daga nan na gane dalilin sanyin da nake ji a tafin hannu da ƙafa ko da ana zafi, da zubar gashi, da barcin da ba ya nisa, da saurin fushin da iyalina suka daɗe suna haƙuri da shi.

Abin da ya fi sanyaya mini zuciya a bayanin shi ne cewa laifin ba na gudun kansa ba ne. Binciken Farfesa Anne Loucks ta Jami'ar Ohio a Amurka ya nuna a 1998 cewa idan aka ƙara wa mace abinci daidai da abin da atisaye ya cinye, atisayen ba ya dagula fitar sinadarin LH. A 2003 kuma ita da abokiyar aikinta suka nuna cewa dagulewar tana bayyana cikin kwana 5 kacal idan kuzarin da ya rage wa jiki bayan an cire na atisaye ya gaza kalori (ma'aunin kuzarin abinci) 30 a yini a kowane kilo na nauyin jiki wanda ba kitse ba, alhali abin da ake so ga mai lafiya ya kai wajen 45. A ɗauki misalin mace mai kilo 45 na tsoka da ƙashi da sauran gaɓoɓi, wadda take cin kalori 2,000 a yini kuma take ƙona 800 a gudu. Abin da ya rage mata 1,200 ne, wato ƙasa da 27 a kowane kilo, ga shi kuwa a idon kowa tana cin abinci sau uku kamar sauran mutane. Wannan ne ya sa larurar take kama har matan da ba su taɓa nufin rage ƙiba ba, domin gudu mai tsawo yakan danne sha'awar abinci na wani lokaci, mutum ya ji ya ƙoshi alhali jikinsa yana bin sa bashi.

Ina kuma godiya ga yayata, wadda ita kaɗai ta ƙi taya mutane yabon ramar da na yi. Yaya, kin sha ce mini wannan siffar ba tawa ba ce, kuma gaskiyarki ce. Horon juriya yana sauya surar jikin mace, wannan ba abin musu ba ne: kitsen ƙugu da cinyoyi yana raguwa, ƙirji yana zubewa domin kaso mai yawa na nono kitse ne, fuska tana tsukewa, tsokar ƙafa tana tauri ba tare da ta yi kauri sosai ba, tun da zaren tsokar da gudun dogon zango yake ginawa na jure wahala ne ba na ɗaga nauyi ba. Wani ɓangare na wannan sauyi lafiya ne kuma abin so ne, domin zuciya tana ƙarfi, jini yana gudana da kyau, sukari yana daidaita. Sai dai akwai iyakar da idan aka ƙetare ta, rama ta tashi daga alamar horo ta koma alamar yunwa, kuma ido ba ya iya bambance su. Masaniya Rose Frisch ta kawo ra'ayi a 1974 cewa mace tana buƙatar kitse kimanin kashi 22 cikin ɗari kafin al'adarta ta ɗore, amma binciken da ya biyo baya ya nuna ana samun mata biyu masu kitse daidai, ɗaya tana al'ada ɗaya ba ta yi, domin abin da ƙwaƙwalwa ta fi lura da shi shi ne kuzarin da ke shigowa kullum. Masu cewa gudu yana mayar da mace namiji kuwa sun yi nisa da gaskiya, domin testostaron, sinadarin da ke ba da siffar maza, a jikin mace ya gaza na namiji da ninki goma ko fiye, faɗin ƙashin ƙugu ba ya canzawa saboda atisaye, kuma abin da yake faruwa a zahiri shi ne ƙarancin isturojin. Sannan manyan zakarun da muke gani a talabijin muna sha'awar siraransu, da yawansu halittarsu ce haka tun asali, ba gudu ne ya sassaƙa su daga wata siffa ba.

Ga likitan ƙashi da ma'aikatan ɗakin hoto ina cewa Allah ya saka da alheri. Su ne suka nace a yi mini awon kaurin ƙashi da na'urar DXA, wanda ya nuna ƙashin bayana ya yi laushi fiye da yadda ya kamata ga mai shekaruna. Isturojin shi ne yake taka wa ƙwayoyin halittar da ke rushe tsohon ƙashi birki, don haka idan ya yi ƙaranci rushewa takan fi gini sauri, ga kuma ƙafa tana dukan ƙasa dubban lokuta a kowace fita, har wata rana ƙashi ya tsage ba tare da an faɗi ko an buge ba. An daɗe da sanin wannan. A 1984, shekarar da aka fara bai wa mata damar gudun famfalaki na kilomita 42.195 a gasar Olamfik ta Los Anjalis, wadda Joan Benoit ta lashe, masaniya Barbara Drinkwater ta wallafa binciken da ya nuna cewa 'yan wasa matasa da al'adarsu ta ɗauke suna da ƙashin baya mai kama da na matan da suka kai shekara 50. A 1992 Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta haɗa matsalar cin abinci da ɗaukewar al'ada da laushin ƙashi a matsayin larura ɗaya mai rassa uku, sannan a 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa ta da sunan RED-S, wato ƙarancin kuzari a jikin 'yan wasa, domin a nuna tana taɓa garkuwar jiki da zuciya da hanji da yanayin rai, kuma tana kama maza su ma. Abin takaici ne a ce ilimin da ya kai shekara arba'in a littattafai har yanzu bai isa filayen da 'yan mata suke atisaye ba, alhali mafi yawan ƙashin da mace za ta rayu da shi tana gina shi ne kafin ta cika shekara 20, kuma abin da aka rasa a wannan lokaci ba lallai ne ya dawo duka ba.

Akwai wata shawara da na samu daga mutane masu kyakkyawar niyya, cewa in sha ƙwayoyin tazarar haihuwa jinin zai dawo. Na gode wa likitata da ta hana ni. Jinin da ake gani da waɗannan ƙwayoyi na janyewar magani ne, ba shaida ba ce cewa ƙwaƙwalwa ta koma aika saƙonta, kuma yana iya rufe matsalar shekaru yayin da ƙashi yake ci gaba da lalacewa. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Likitocin Homon, wato masana irin waɗannan sinadarai na jiki, ta fitar a 2017 ma sun yi hani da a ba da su don wannan manufa kaɗai.

Masaniyar abinci mai gina jiki ita ce ta ɗauki aikin da ya fi kowanne buƙatar haƙuri. Ta ƙara mini abinci kaɗan-kaɗan yadda ciki zai karɓa, ta hana ni fita atisaye da yunwa, ta dage a kan abinci mai sitaci kafin motsa jiki da bayansa, ta kuma sa aka duba sinadarin ƙarfe na jinina da bitamin D aka cike giɓin da aka samu. Malama, kin san ranakun da na zo miki ina kuka saboda tufafina sun fara matse ni, kin san tsoron da ya kama ni cewa kowane kilo da ya ƙaru zai rage mini sauri, kuma ba ki taɓa raina wannan tsoro ba, sai ma kika haɗa ni da mai ba da shawara kan lafiyar tunani, wadda ita ma ina miƙa mata godiya. Haka nan ma'aikacin sashen motsa gaɓoɓi, wanda ya riƙe ni da iyo da keke da ɗaga ƙarfe mara nauyi har ƙafar ta iya ɗaukata.

Mai horar da mu ya cancanci ambato na musamman, domin da ya ji sakamakon asibiti bai kare kansa ba. Ya ɗauke ma'aunin nauyi daga wurin atisaye, ya ƙara ranakun hutu a jadawali, ya kuma nemo mace mataimakiya wadda 'yan mata za su iya gaya wa abin da ba za su iya gaya masa ba. Duk wanda ya ji labarin Mary Cain, 'yar tseren Amurka da ta bayyana a 2019 cewa matsin lambar rage nauyi ya sa al'adarta ta ɗauke shekara uku kuma ƙasusuwanta biyar suka karye, ya san irin ɓarnar da kalmar mai horarwa take iya yi. Malam, Allah ya ƙara basira.

Abokan guduna, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma kun nuna mini haka da ziyara da kira da addu'a. Wasu daga cikinku sun same ni a keɓe sun ce su ma abin da suke ciki ke nan. Roƙona gare ku shi ne duk wadda ta yi wata uku ba ta ga al'ada ba, ko yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta fara ba, ko wadda take jin ciwo a wuri ɗaya na ƙashi da yake ƙaruwa da gudu, ta je asibiti ta faɗi yawan atisayen da take yi da abin da take ci ba tare da ragi ba. Masu fargabar haihuwa kuma su sani likita ta tabbatar mini cewa a mafi yawan lokuta ƙwai yana komawa fita idan jiki ya samu isasshen kuzari, har ma yana iya fita kafin a ga jinin farko.

Umma, ku ne kuka kwana a kaina lokacin da ko bayan gida ba na iya zuwa sai da sanda, kuma ba ku taɓa cewa in bar gudu ba duk da mutane sun yi ta zuga ku. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba ni ikon yi muku biyayya. Maigidana, ka ɗauki nauyin jinya da zirga-zirgar asibiti, ka jure halin da rashin lafiya ya jefa ni ba tare da ka taɓa goranta mini ba. Allah ya bar zumunci, ya biya ka da mafificin alheri. Waɗanda suka taimaka da addu'a ko saƙo ko wata hidima amma ban ambace su a nan ba, ina neman afuwarsu, Allah ya san su kuma shi zai saka musu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.