Saƙon Godiya Bayan Kammala Koyarwar Gwaji

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, ranar Juma'ar da ta gabata shugaban makaranta ya sa hannu a littafina na tsara darasi karo na ƙarshe, na kammala koyarwar gwajin da ta wajaba a kan kowane ɗalibin NCE, wato mai karatun malanta a kwalejin ilimi, kafin ya karɓi takardar shaidarsa. Zango guda na yi ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare da ke kan hanyar Kware, kuma ya zame mini dole in fito fili in yi godiya, domin ba da aljihuna na yi wannan hidima ba.

Mutane da yawa idan suka ga ɗaliba tana fita tun da sassafe ɗauke da jaka da naɗaɗɗen kwali, sai su ɗauka aiki ta samu. Har wata maƙwabciyarmu a Mabera ta shigo yi mini barka, tana tambayar yaushe za a ci albashin farko. Ba a biyan ɗan koyarwar gwaji ko sisi, alhali shi zai sayi kwali da alƙalamin maka da sauran kayan koyarwa, shi zai biya kuɗin fotokwafi, sannan ya kai kansa makaranta kwana biyar a mako, saboda malamin da zai zo duba shi daga kwaleji yana iya faɗowa a ranar da ba a zata ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu ya zama abin da sai an yi masa lissafi tun da dare. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, ɗinkin da nake riƙe kaina da shi ya tsaya, don wadda ta dawo bayan azahar a gajiye, ga darasin gobe yana jiranta, ba ta da sauran ƙarfin taka keke.

Godiyata ta farko bayan Allah tana ga Innata, wadda ta kwashi adashenta ta damƙa mini gaba ɗaya. Sai daga baya na ji a bakin ƙanwata cewa ta sayar da tunkiyarta a wata na uku, kuma har yau ba ta yarda mun yi zancen ba. Inna, Allah ya saka miki da Aljanna.

Yaya, ban manta da safiyoyin hunturu da kake kai ni tasha a kan babur kafin ka fita nemanka ba. Haka ita ma malamar ajin da aka haɗa ni da ita, wadda ta lura ba na cin komai lokacin tara, ba ta ce mini uffan ba, sai kawai ta fara zuwa da furar mutum biyu. Ita ce ta koya mini yin kayan koyarwa da marafan kwalba da kwalayen da 'yan tireda suka zubar, abin da ya rage mini kashe kuɗi sosai. Malama, Allah ya raya miki zuri'a.

Ina gode wa abokan tafiyata su uku da muka riƙa ranta wa juna kuɗin mota, da mai shagon fotokwafin da ya buɗe mini shafin bashi, wanda in sha Allahu zan biya shi kafin wata ya mutu. Masu kaya a wurina kuma su ƙara haƙuri, ranar Litinin zan share keken in zuba masa mai.