Ranar da Aka Tambaye Ni Sunan Kogina

Talata, makon farko na zangon Yuli, Hamilton

Hazo ya rufe gari tun asuba. A nan Niyu Zilan watan Yuli ne tsakiyar hunturu, har yanzu jikina bai saba ba. Na yi alwala da ruwan ɗumi, na yi sallah, na zauna da shayi ina ta maimaita layuka huɗu da aka ce mu haddace.

Yau ne aka ce kowa zai gabatar da pepeha ɗinsa a ajin koyon aikin malanta. Haka Maori, 'yan asalin ƙasar nan, ke gabatar da kai: mutum ya fara da dutsensa, sai koginsa, sai danginsa, sunansa ne ke zuwa ƙarshe. Malamarmu, wadda kowa ke kira Whaea, wato inna ko gwaggo (ana furta shi kamar "Faya"), ta gargaɗe mu tun makon gabatarwa: baƙo kada ya ari dutsen masu gida, ya kawo nasa. Ni dai na rubuta Dala. Kogi kuwa na daɗe ina kallon takarda kafin na sa Challawa, don shi ne ya fara zuwa mini.

Da layi ya zo kaina na miƙe, muryata na rawa: "Ko Dala te maunga, ko Challawa te awa." Wato Dala ne dutsen, Challawa ne kogin. Whaea ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta ce, "'Yata, wa ya taɓa kai ki bakin kogin nan?" Na ce babu, ta kan gada kawai nake wucewa a mota. Ta yi murmushi ta ce in tambayi gida.

Daga nan ta shiga darasi. Ta fara da yarjejeniyar Waitangi ta 6 ga Fabrairu 1840, tsakanin sarakunan Maori da masarautar Ingila, ta gangaro zuwa dokar makarantun 'yan ƙasa ta 1867 wadda ta fifita koyarwa da Turanci. Ta ce kakarta ta sha bulala a makaranta don ta yi magana da harshensu, shi ya sa ta ƙi koya wa 'ya'yanta, wai kada su sha irin abin da ta sha. Ita Whaea sai da ta girma ta koma ta koyi harshen kakarta a aji. A 1972 aka kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutum sama da 30,000 ana neman a koyar da harshen a makarantu. A 1982 aka buɗe kohanga reo ta farko a Wainuiomata, "sheƙar harshe" ke nan, inda tsofaffi ke zama da yara ƙanana ba a jin komai sai Maori. A 1987 doka ta mai da shi harshen hukuma.

Tana magana, ni kuma hankalina ya koma ajin da na riƙe shekara shida a wata firamare mai zaman kanta a Kano. Ina da monita, yarinya mai wayo, aikinta rubuta sunayen masu banakula. Kowane suna naira goma. Ni da hannuna nake karɓa, in zuba a gwangwanin madara, ranar Juma'a a sayi alli. Akwai wani yaro da ya daina ɗaga hannu gaba ɗaya, na rubuta a katinsa cewa ba ya mai da hankali. Yau na tuna fuskarsa sosai, har da tabon da ke gefen girarsa. Wallahi sai da na sunkuyar da kai.

Abin da ya fi kama ni shi ne kalmar ako. Kalma ɗaya ce, tana nufin koyo, tana nufin koyarwa. Tana cikin abubuwa biyar na Tataiako, takardar da aka fitar a 2011 don malaman da ke koyar da yaran Maori. Biyu daga ciki ban sha wahalar gane su ba: whanaungatanga zumunci ne, manaakitanga kuma karamci da mutunta baƙo. Manhajar makarantun renon yara ma, wadda ta fito a 1996, sunanta Te Whariki, wato tabarma. Kowa ya kawo kabarsa a saƙa, kowa ya samu wurin zama.

Da rana muka ci abinci da wata 'yar ajinmu, 'yar asalin Samoa da aka haifa a kudancin Okland. Ba ta da sanya a magana. Ta ce abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne a haɗa Samoa da Tonga da Fiji a kira su abu ɗaya, alhali kowa da harshensa da ladabinsa. Ta ce Maori su ne masu ƙasa, suna da yarjejeniya a hannu, su kuwa iyayensu aikin masana'anta ya kawo su, matsalarsu daban ce. Akwai Tapasa, takardar 2018 ta malaman yaran tsibiran Fasifik irin su Samoa, amma a ganinta malami ya fara da iya kiran sunan yaro daidai. A Samoa harafin g ana furta shi kamar ng, kuma ta yi shekaru tana amsa sunan da ba nata ba don ta gaji da gyara wa malamai. Na yarda da ita ƙwarai. Na ga ana iya haddace kalmomin nan duka don cin jarrabawa, a shiga aji a ci gaba da yadda aka saba.

Ƙarfe takwas na dare na kira gida, lokacin tara na safe a Kano. Bayan gaisuwa na ce, "Umma, don Allah wane kogi ne namu?" Ta yi shiru, ta ce, "Ke kuma lafiya?" Da na yi mata bayani sai ta ce ai mu ba mu da alaƙa da Challawa. Kakanta masunci ne a Wudil, mahaifinta ne ya shigo birni yana saurayi ya kama ɗinki. Ta faɗi sunan unguwarsu, ta faɗi yadda ake kai su can da rani su ci soyayyen kifi a bakin gada. Shekarata talatin da huɗu ban taɓa jin wannan ba. Muka yi kusan awa ɗaya, har katin wayarta na intanet ya ƙare.

Na ɗauko takardar na soke Challawa na rubuta Wudil. Ranar Alhamis muna da aji da Whaea, zan roƙe ta ta bar ni in sake faɗa.