Nawa Motar Nan Za Ta Ɗauka?

A wajen lodi yawancinmu ido ne sikelinmu. In bodi bai cika ba, akwai sauran wuri. In ya cika, a ɗora a sama a tamke da igiya. Haka ake yi a kasuwannin Kano, a Dawanau da Singa da Ƙofar Ruwa, haka kuma na tarar ana yi a shagon kayan ginin da nake kula da fitar kaya. Aikina in rubuta abin da aka saya, in tsaya a loda, in sallami direba. Motar shagon Hilux ce mai ƙofa huɗu, kuma ba a wuni ba a tambaye ni ba: nawa za ta ɗauka? Abin da aikin nan ya koya mini shi ne faɗin bodi ba ya amsa wannan tambayar. Lissafi ne ke amsa ta, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu na firamare ba.

Ka buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kai. A wasu motocin sai ka ɗaga bonet. Za ka ga ɗan farantin ƙarfe ko sitika, galibi ƙura ta rufe shi, wani lokacin ma mai fenti ya bi ta kansa. Motocin da aka ƙera don kasuwar Turai suna ɗauke da lambobi huɗu a jere, duka da kilo. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar gaba ɗaya. Ta biyu nauyinta ne haɗe da abin da take ja. Ta uku iyakar ƙafar gaba, wato tayoyin gaba biyu a haɗe, ta huɗu iyakar ƙafar baya. Waɗanda suka zo daga Amurka, irin su Tacoma da Tundra, GVWR ake rubutawa a gaban lambar farko, GAWR a gaban na ƙafafu. A nan sai an kula, don suna rubuta nauyi da fam ma, kuma kilo ɗaya fam 2.2 ne. Wanda ya ga 1,500 ya ɗauka kilo ne, ya ninka wa motarsa kaya fiye da sau biyu, domin fam 1,500 kilo 680 ne kawai. In farantin ya goge ko babu shi, littafin motar yana da lambobin.

Lambar farkon nan ta haɗa komai da komai: ƙarfen motar, man da ke tanki, safaya taya, jak, direba, yaran da ke zaune a baya, sannan kaya. Saboda haka sai ka cire nauyin motar kanta, abin da ya rage shi ne rabonka. Inda mutane ke ruɗewa shi ne ɗaukar nauyin da ke cikin littafi. Wancan nauyin motar ne ranar da ta fito daga kamfani. Tamu kuwa ta sha hannun masu walda: an yi mata kejin ƙarfe don rodi da katako, an shimfiɗa mata farantin ƙarfe a ƙasan bodi, an sa mata ƙaton bamba. Duk kilon da mai walda ya ƙara, daga rabon kaya aka zare shi. Maganin gardama shi ne a hau sikeli. Kamfanoni da dama a Sharaɗa da Bompai da Chalawa suna da sikelin da mota ke hawa kai, kuma a cika tanki kafin a hau, tunda lita 80 na fetur kaɗai ya kusa kilo 60.

A ce farantin ya nuna 2,800, sikeli kuma ya nuna 2,000. Saura 800. Direba da 'yan lodi biyu, kowanne a ba shi kilo 70, an cire 210, saura 590. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Dangote ko na BUA, ke nan buhu 11. In masara ce ta Dawanau mai kilo 100, buhu biyar, na shida ya ɗan haura. Yanzu ka tsaya bakin titin Katsina ka ƙirga abin da irin waɗannan motocin ke wucewa da shi. Buhun siminti 30 ba abin mamaki ba ne a idonmu, alhali kilo 1,500 ne.

Daga nan na fara haddace nauyin kaya kamar yadda nake haddace farashinsu. Ruwa shi ya fi sauƙi, lita ɗaya kilo ɗaya, don haka tankin roba mai lita 1,000 in ya cika ruwansa kaɗai tan guda ne cif, ga shi kuma yana kai-kawo a ciki duk lokacin da aka taka birki ko aka sha kwana. Yashi shi ne babban mayaudari. Bodin mai ƙofa huɗu tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi ne, faɗinsa ma haka, zurfinsa bai kai rabin mita ba sosai. In ka cika shi da busasshen yashi daidai baki, ka zuba kusan tan ɗaya da rabi, kuma ko kaɗan bai yi tozo ba, mai kallo zai ce motar ba ta ɗauki komai ba. In yashin jiƙaƙƙe ne da damina, ya fi haka. Katifu da robobi kuwa sai su yi tsiri sama da kan direba ba su kai kilo 300 ba. Su matsalarsu iska da tangaɗi a kwana.

Ƙananan motocin nan na Japan, Hijet da Suzuki Carry, da suka cika lungunan Sabon Gari, da yawansu har yanzu sitikar ƙasarsu na manne a ƙofar baya. Rubutun ba ma iya karanta shi, amma lambar a fili take: 350kg. Buhun siminti bakwai ke nan.

Sanin jimilla bai wadatar ba, sai an san inda za a ajiye kayan. Duk ɗan garuwa ya san in ya tara jarkoki a bayan tayoyin kurarsa, gaban ɗagawa zai yi. Haka mota take. Abin da aka ɗora bayan ƙafar baya yana danna ta fiye da nauyinsa, yana kuma rage wa ƙafar gaba nata, ita kuwa ƙafar gaba ita ke juya mota, ita ke yin mafi yawan aikin birki. Mai ƙofa huɗu ta fi shiga wannan hali, domin kujerun baya sun tura bodin can ƙarshe. Sai ka ga jimillar kaya ba ta wuce ƙa'ida ba amma ƙafar baya ta wuce tata. Direba zai ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa, da dare fitilunsa na haska saman bishiya suna kashe wa masu tahowa ido. Shi ya sa nake sa 'yan lodi su fara jera siminti daga jikin gidan direba, masu nauyi a ƙasa kuma a gaba, marasa nauyi a baya. Rodi mai mita 12 ko an lanƙwasa shi biyu sai ya zarce bodi nesa, don haka a kan keji yake hawa, nauyinsa ya rabu gaba da baya, a ɗaura masa jan ƙyalle.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ƙarin sifirin. Kusan duk motar lodi a garin nan an ƙara mata ganye ɗaya ko biyu, tun zamanin a-kori-kura ƙirar Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna ake haka. Lokacin da maigidana ya so a ƙara wa tamu, ni na kai ta wajen wani dattijon bakanike da muke hulɗa da shi. Na ce, "Baba, so ake ta riƙa ɗaukar buhu talatin ba ta zauna ba." Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Ɗana, zama kam ba za ta zauna ba. Amma ka gaya wa Alhaji birkin nan shi ne na jiya, tayar ma ita ce ta jiya." Ya nuna mini ɗan robar da ke saman ƙafar baya, wanda ke tare ta in sifirin ya kai ƙarshe. Ya tsage, ƙarfen da yake bugawa ya yi sumul yana ƙyalli, alamar motar ta daɗe tana tafiya a kansa.

Na yi ta juya maganar nan. Zaman da mota ke yi in ta ji kaya shi ne gargaɗin da kowa ke iya gani, har mai wucewa a ƙafa. Ƙarin ganye yana ɗauke gargaɗin ne, nauyin yana nan inda yake, yana cin boris, yana cin kuloci, yana gasa birki. Mota mai kilo 2,800 da mai kilo 3,700 birki ɗaya ne zai tsayar da su, kuma duk ƙarfin tafiyar zafi yake komawa a jikinsa. Gudu kuma ya fi nauyi sharri: in ya ninka sau biyu, tazarar tsayawa ninkawa take sau huɗu. Ka kwatanta mai buhu 30 yana gangarowa daga gadar Ƙofar Nassarawa, adaidaita sahu ya tsaya masa a gaba ɗaukar fasinja.

Taya ma tana faɗin iyakarta ga mai dubawa. In ka ga an rubuta 205R16C 110/108, lambar 110 na nufin kilo 1,060 a taya ɗaya, ta biyun ta motocin da ke haɗa taya bibbiyu ce. Tayoyin baya biyu ke nan 2,120, kuma a ciki har da nauyin bayan motar kanta. Wannan ma sai in an ba ta iskar da aka rubuta a jikinta. Tayar da iska ta yi wa kaɗan, ga kaya, ga kwaltar watan Afrilu da rana ke haura digiri 40, lanƙwasa take ta yi tana ɗaukar zafi har ta fashe. Akwai kuma lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Masu sayen taya ta hannu su fara duba nan kafin su duba zanen.

Duk wannan lissafin yana da sauƙi a takarda. Wahalarsa a bakin shago take, inda mai kaya ke tsaye da rasit a hannu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba, kowa so yake a kwashe masa kayansa a sahu ɗaya. Ban ga laifin mai son sauƙi ba, kuɗin gini ba wasa ba ne. Abin da ba na yarda da shi shi ne yadda ake barin direba da jidali. In 'yan KAROTA ko jami'an kiyaye haɗurra suka tare mota, shi ake ci tara. In taya ta fashe a hanyar Gwarzo, shi ne a ciki da yaran da ke zaune kan buhuna. Wanda ya ce a ƙara biyar yana gida.

Tsarin biyan ma yana da hannu a ciki. Muddin kuɗin direba da 'yan lodi a kan buhu ake lissafa shi, su da kansu za su nemi a ƙara. Na kai wa maigidana maganar da lambobin a rubuce, tare da kuɗin da gyaran ƙafar baya da tayoyi suka ci mana. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, abin da muke tsimi a mai, ga inda yake fita." Ya karɓi takardar ya duba, bai ce komai ba a ranar. Daga baya ya amince a mayar da biyan direba a kan sahu, aka kuma rubuta adadin buhu da fenti a cikin bodin, inda kowane ɗan lodi zai gani. Kayan da suka wuce haka mukan kira Kanta ko babbar mota, mai kaya ya biya bambancin. Wasu suna biya. Wasu kuwa sukan karɓi kuɗinsu su tsallaka shagon gaba, inda za a ɗora musu talatin ɗin a sahu ɗaya.